Turmi Ba Ya Kai Gulma

Sabo, Ibadan
6 ga Mayu, 1991

Zuwa ga yayata Murja,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kina lafiya. Ya Suwaiba da ƙannenta, ya tarin Rabi'u? Ya sana'a, ya kuma ruwan nan da ya hana gero bushewa? Maigidanki Malam Mahmuda ma ina gaishe shi a zuci, tunda a baki an hana ni.

Za ki yi mamakin ganin takarda a ƙarƙashin faifan ƙwaryar furarki, alhali layi biyu ne kawai tsakanin ɗakina da gidanku. Iya Tani mai fitar miki da fura ta rantse ba za ta ɗauka ba, sai da na ce maganar Inna ce. Ban yi mata ƙarya gaba ɗaya ba. Shekara biyu ke nan da mijinki ya ce kada in sake taka masa zaure. Da ban yaɓa masa baƙar magana a gaban baƙinsa fataken goro ba, da saki na biyu bai faɗo a kanki ba. Ban manta ba. Igiya ɗaya ta rage miki a gidan nan, kuma bakina ne ya cinye ɗaya. Ki riƙe wannan a ranki, don abin da ke tafe ya fi shi muni.

Ki zauna tukuna. Kada ki karanta a tsaye.

Kin san waƙar dakan Inna. Tun da ta rasu nake lalubenta a kaina, in kama farkon, ƙarshen ya zame. Kaset biyu na yi, daga nan Badun har Kano ana sa su a shaguna da motocin haya, in na wuce yara na kiran Sammani Jita, amma waƙar uwata ta gagare ni. Ke kaɗai kika riƙe ta. To wata Laraba bayan ƙaramar salla, da hantsi, na bi ta lungun bayan gidanku na ji kina daka kina yin ta. Na koma ɗaki a guje na ɗauko rikoda, na taka bulo, na ɗora ta a tagar hayaƙin kicin ɗinki, na danna jan maɓalli. Minti goma sha ɗaya. Ban yi sallama ba, ban nemi izini ba. Na tsaya a lungu kamar ɓarawon kaza, ruwan kwata na bin ƙafata.

Wallahi niyyata in koyi baitocin in goge. Amma kin san ni da ɗoki. Na kai situdiyon kamfanin da nake yi wa waƙa, wanda mutanenmu ke ce wa Kamfanin Zakara saboda zakaran da ke jikin kaset ɗinsu, don makaɗana su ji yadda taɓarya ke faɗuwa. Ana cikin ji mai kamfanin ya shigo, Cif Oyelaran. Mutumin da ba ya minti biyu a wuri ɗaya, sai ya ja kujera. Ya ce a mayar, aka mayar, har sau huɗu. Hausarsa ba ta wuce "ina kwana" da "nawa ne" ba, amma na ga ya cire hula yana shafa kai. Ni kuwa wawa sai daɗi ya kama ni. Ya ce in bar kaset ɗin a wanke masa ƙara, na bari.

Jiya na je jin sabon kaset ɗina da za a fitar kafin babbar salla. Waƙar farko, Yaya, ke ce. Sun shimfiɗa kalangu da jita a ƙarƙashin muryarki.

Da baitocin Inna ne kawai, da na ce wata ce daga Zariya. Amma kin san abin da kika ƙara, kina zaton daga ke sai turmi. Ke da ko a gabana ba ki taɓa kiran sunan 'yarki ta fari ba, sai "yarinyar nan", ga shi tar a kaset:

Suwaiba tawa, 'yar farin da ba a faɗa,
yau na faɗa, turmi ba ya kai gulma.

Sannan ga na Malam, mai goro ɗari da ke ba ki ɓari ɗaya, shi ma busasshe. Suwaiba nawa ce a Sabo da ubanta fatoman goro ne, mai saukar da fatake? Ko kurma zai gane.

Na ce a cire. Cif ya yi dariya ya dafa kafaɗata. Gobe zan koma, kuma ba dariya zan je yi ba. Ki ƙona wannan takarda in kin gama.

Ki huta lafiya, in har za ki iya.

Ƙaninki mai laifi,
Sammani


Sabo
15 ga Mayu, 1991

Yaya Murja,

Sallama da gaisuwa. Ina fata lafiya kuke, ke da yara. Iya ta ce jikin Rabi'u da sauƙi, Allah ya ƙara.

Ba ki ba ni amsa ba. Kullum sai na tare Iya a bakin masallaci na ɗaga faifai kamar mai sayen fura, har ta ce in ban daina ba za ta ƙwala mini ludayi. Ta ce kin karanta, kin ninke. Ta ce tun ranar kina daka shiru. Wannan ya fi zagi ciwo. Ki zage ni mana. Ni na koya miki baƙaƙen boko da jaridun ƙunshin tsire, na san kin iya rubuta "shege" ba tare da an taya ki ba.

Bari in gaya miki inda aka kwana. Sau biyar na je wurin Cif. Ran farko na yi lallashi, abin da ban iya ba. Na bayyana masa matar aure ce, a kulle take, muryarta ba ta wuce zaure, balle a kasa ta a tire a Kasuwar Bodija tsakanin doya da albasa, ɗan dako ya saya ya sa a rediyo. Ya ce ai ba sunanki a jiki. Na ce akwai sunan 'yarki, kuma a wurinmu uwa ba ta kiran 'yar fari. Yaya, ya kalle ni kamar na ce rana daga yamma take fitowa. Ya ce su a wurinsu da sunan ɗan fari ake kiran mace, Mama wane, kuma alfahari ne. Ya ce wane irin miji ne zai saki mace don tana son 'yarta. Na ce masa ba don son ba ne, don an ji ne. Ya ce to a ji mana.

Rana ta biyu ya kira lauyansa, wani siriri mai tabarau, ya shimfiɗa mini takardar da na sa wa hannu shekara uku da suka wuce. Kin tuna yadda na yi ta cika baki a lokacin, cewa ni ba dangwale na yi ba, da kaina na karanta? Na karanta kuwa, kalma bayan kalma, da ƙarfi ma, don su san ɗan Hausa ya iya. Sai dai ban gane ko rabi ba, kuma girman kai ya hana ni tambaya. Ashe a layi na tara an ce duk sautin da na shigo da shi situdiyonsu nasu ne. Ko tari na yi, nasu ne. Na ce wa lauyan in uwarsa ta yi atishawa a ƙofar situdiyo ita ma sai su sayar. Aka fitar da ni.

Rana ta uku na tafi da Lauratu mai waƙar biki ta unguwar Mokola, na ce ga madadi, ita sana'arta ce, ba mai sakinta. Ta yi iya yinta, Allah ya saka mata. Cif ya saurara ya girgiza kai. Ya ce wannan tana waƙa ne don a ji ta, waccan kuwa tana yi ne don ba ta san ana ji ba, kuma abin da yake so ya sayar ke nan. Na tsani mutumin nan, amma kunnensa ba ya ƙarya.

Na yi tunanin kai ƙara wurin manyan unguwa. To in ce musu me? Kafin in rufe baki labari ya riga ni zuwa zauren Malam. Na yi tunanin in shiga in sace babban zaren da suke kira masta, uwar kaset ɗin da ake kwafar sauran daga jikinta. Yana cikin akwatin ƙarfe, makulli a wuyan Cif. Na zaga ginin sau uku kamar kare ya ga nama a rataye.

Yana so ya fitar sati biyu kafin salla, lokacin da masu raguna ke sauka daga arewa, su saya su tafi da shi gida. Ka ji ɗan kasuwa.

Abin da ya ƙarasa ni kuwa shi ne ran Juma'a. Muna fitowa masallaci na yi kiciɓis da Malam. Na gaishe shi don ba hanyar kaucewa, sai ya amsa. Shekara biyu bai amsa mini ba, sai yanzu. Har da "ya aiki". Da ya mare ni da na fi samun sukuni.

Ba na iya zama, ba na iya cin abinci. Ɗanliti mai kalanguna ya ce na zama kamar kazar da za ta yi ƙwai. Ki ce wani abu, ko kalma ɗaya.

Ina gaida yara.

Naki,
Sammani


Sabo
29 ga Mayu, 1991

Yayata,

Assalamu alaikum. Da fatan kun tashi lafiya. Ya ruwan shekaranjiya, bai shiga muku ɗaki ba? Namu layin har yanzu sai an naɗe wando.

Ki kwantar da hankalinki. An cire. Na rubuta wannan da farko don kada ki sha wahalar nema a ƙasa.

Ga yadda aka yi. Ran Litinin na shiga ofishin Cif ba sallama, na ce idan kaset ɗin nan ya fita da muryarki, daga ranar ba zan sake buɗe baki a gaban makirfo ba, ya kai ni kotu, ya ɗaure ni, ya sayar da shiruna in ya iya. Ya ce waƙar ita ce kaset ɗin, sauran bakwai rakiya suka yi mata, ba zai fitar ba tare da ita ba. Ka ji fa, waƙoƙina bakwai, rakiya. Raina ya ɓaci, kuma kin san in raina ya ɓaci bakina na riga kaina. Na ce in waƙar yake so ai ni ma ɗan Inna ne, a kawo turmi in daka in yi da kaina.

Na faɗa ne don in ƙona masa rai. Sai na ga yana kallona, irin kallon da mahauci ke yi wa sa. Ya tambaya ko a Sabo namiji na daka. Na ce ko mahaukaci ba ya yi a gaban mutane. Ya ce madalla. Ya ce in zan yi, sharaɗi biyu: hotona a bangon kaset riƙe da taɓarya a gaban turmi, sannan in sa hannu kan ƙarin kaset uku da kamfaninsa. Ya ce mutane za su saya don su yi dariya, su ci gaba da ji don waƙar. Ni da na yi niyyar in gama wannan in bar su in koma wani kamfani a Legas. Wannan karon na sa lauyan ya fassara mini layi-layi, na gane komai sarai, na sa hannu. Ban sani ba ko hakan ya fi wancan.

Jiya aka yi. Na ari turmin Iya, na ce mata aikin kamfani ne, ta ce Allah ya kyauta. Muka ɗora shi a tasi, direba na tambaya ko amarya za a kai. Yaya, ashe haka daka yake? Kafin baiti na uku numfashina ya ƙare. Taɓarya ta bugi makirfo sau biyu. Tafin hannuna duk ya yi ƙulu-ƙulu, da ƙyar nake riƙe biron nan. Ɗanliti ya yi dariya har ya saki kalangu, na ce in ya ƙara zan daka kansa. Sau goma sha huɗu muka maimaita. Ke kuma kullum kike yi, da ciki, da goyo, har ki sami sauran iskar yin waƙa. Baitocin Inna kawai na yi. Naki na bar miki.

Da aka gama na ce ba zan fita ba sai an goge muryarki a gabana. Mai kula da injin ya roƙe ni a ajiye kwafi ɗaya a akwati, ya ce irin wannan ba a gogewa, zunubi ne. Na ce ya bar mini zunubin. Na tsaya a kansa har zaren ya zagaye, aka mayar aka saurara, ba komai sai shuuu. Ƙaramin kaset ɗina kuma na karɓa, na taka shi da dunduniya, na zare zaren kamar hanjin kaza, na jefa a rafin Ogunpa a hanyar dawowa. Ko aljani ba zai sake jin ki ba.

Don haka ki yi barci. Ki ci gaba da dakanki. Abin da zai biyo baya nawa ne, kuma na cancanci wanda ya fi shi.

A shafa mini kan yara.

Ƙaninki,
Sammani


Sabo
2 ga Yuli, 1991

Zuwa ga Yaya Murja,

Bayan sallama, barka da salla, da fatan an yi lafiya an ci nama lafiya. Na ga Suwaiba daga nesa da sabon ɗankwali, ta yi tsawo, tafiyar Inna sak. Na gode da soyayyen naman da Iya ta kawo. Na san ba daga Malam ya fito ba.

Kin dai ji abin da ake ciki, tunda katanga ba ta tare dariya. Sammani Jita ya mutu, yanzu Sammani Taɓarya ake kira. In na wuce teburin mai shayi sai a tambaye ni nawa-nawa fura. Mahautan layinmu sun aiko mini da zane a leda. Wani ɗan dako a Kasuwar Shasha ya tare ni ya ce in zo in taya matarsa surfe, na kusa karya masa haƙori, sai na ga kaset ɗin ne a aljihunsa. Bikin da aka kira ni a Sabo sati mai zuwa an aiko an fasa, wai uban ango ba ya son mai daka a filinsa. Cif kuwa sai murna, an sake bugu na biyu, har ya sa an zana turmi a jikin motar kamfani. Iya ta ce Malam ya gaya miki ƙaninki ya ƙarasa lalacewa, ya yi dariya har da tari, ke kuma kika ce Allah ya shirye shi. Amin. Dariyarsa ta fi mini komai daɗi a watan nan, don mai dariya ba ya neman takarda da biro.

Duk wannan zan iya ɗauka. Abin da na kasa ɗauka shi ne 'yar takardarki.

Shekaranjiya na ɗaga faifai don sabo kawai, na riga na fid da rai, sai na gan ta. A bayan wasiƙata ta farko kika rubuta, wadda na ce ki ƙona. Na karanta a tsaye a bakin titi, ni da na ce miki ki zauna. Kika ce kin gode. Kika ce dakana irin na mai kashe maciji ne, kuma na tsallake baiti ɗaya na Inna. Sannan kika ce: "Kafin ka fasa, da ka aiko mini na ji sau ɗaya. Ban taɓa jin muryata ba. Wai da gaske mutumin ya cire hula?"

Da gaske ne, Yaya. Ya cire, kuma bai mayar ba har aka gama.

Kwana biyu ina yawo da takardar nan a aljihu. Na je har gadar Ogunpa na tsaya ina leƙen ruwa kamar wawa, sai ledoji da ɓawon lemo. Na yi ta zagin Cif wata biyu cewa ya ɗauki abin da ba nasa ba ya yi yadda ya ga dama. To ni fa? Na ɗauka ban tambaye ki ba. Na goge ban tambaye ki ba. Wasiƙa uku na rubuto miki, duk labarin kaina ne da fushina, ko sau ɗaya ban ce me kike so a yi ba. Cif ya ji ki sau huɗu. Ɗanliti ya ji, mai injin ya ji, har lauya mai tabarau ya ji. Ke kaɗai ce ba ki ji ba.

Ƙwaryar yau za ta yi miki nauyi, kada ki buɗe a tsakar gida. Na roƙi Iya, ta zage ni tas sannan ta ɗauka. Rikodar ce a ciki, naɗe a tsumma, da sabon batir da kaset wanda ba komai a kansa. Maɓallai biyar ne. Ki danna ja da na kusa da shi tare, za ki ga zare na juyawa. In kin gama ki danna na ƙarshe, ki mayar da zaren baya da na farko, ki danna na kusa da jan shi kaɗai, ki saurara a hankali, kusa da kunne. Kada ki aiko mini. Kada ki gaya mini ko kin yi ko ba ki yi ba. In kin ga dama ki goge, in kin ga dama ki ɓoye a ƙasan adaka, in kin ga dama ki mayar da ita yadda ta zo. Na daina bi ta lungun bayan gidanku, ta babban titi nake zagayawa yanzu, ko da za a kira ni Taɓarya sau ɗari kafin in kai.

Baitin da na tsallake kuwa, ki bar shi a wurinki.

Ki gaida yarinyar nan da ƙannenta. Allah ya bar ki a ɗakinki.

Ni ne ƙaninki,
Sammani